Sunan da Inna ba ta faɗa

Shekarun baya, lokacin da ofishinmu na taimaka wa talakawa kan shari'a bai wuce ɗaki ɗaya da benci biyu ba, wata tsohuwa ta kawo mana maganar da har yau ban ga irinta ba. Jiya ƴan matan da muka ɗauka aiki suka tambaye ni yadda aka fara wannan wuri, na ba su irin amsar da muke ba baƙi idan sun zo ziyara. Da na koma gida sai na ji ban yi wa wurin adalci ba. To, ku da kuke bibiyata, yau ga labarin yadda yake.

Wanda ya kafa ofishin wani dattijo ne, tsohon magatakardan kotu. A Maraɗi ya yi aikinsa har ya ajiye. Yakan ce abin da ya fi ci masa rai a shekarun nan shi ne ganin mutumin ƙauye ya rasa gonarsa, ba don ba shi da gaskiya ba, sai don bai san ƙofar da zai shiga ba, ko ya zo ranar da ba a zama. Da ya dawo gida Madarumfa sai ya karɓi tsohon sito na gyaɗa na marigayi wansa, a kan hanyar da ke gangarawa tabki, ya shafa masa farar ƙasa, ya sa tebur. Ya yi wa abin rajista a matsayin ƙungiya, ya ce ba a karɓar ko dala daga hannun kowa. Farar ƙasar ta rufe bango, amma warin gyaɗa da ɓeraye sun ƙi amincewa an canza wa ɗakin aiki. Baba muke ce masa, mu da duk garin.

Ni a lokacin ina koya wa mata yaƙi da jahilci. Baba ya ɗauke ni, a cewarsa, saboda dalili biyu: mata za su faɗa mini abin da ba za su faɗa masa ba, kuma muryata tana kaiwa tsallaken tabki, ba sai mun sayi lasifika ba. Na so in ji haushi, amma gaskiya ce.

Watannin farko zaman kashe wando muka yi. A wajen mutanenmu, a ga ƙafarka ta shiga biro, wato ofis, an gama cewa ka kai ɗan'uwanka ƙara, ka tona asirin dangi. Waɗanda suka daure suka leƙo kuma sun ɗauka furoje ne, irin shirin agajin nan na Turawa, suna tambayar yaushe za a fara rabon hatsi. Akwai wanda ya jawo mana akuya a yi mata allura. Ni na buɗe baki zan sallame shi, sai Baba ya tsuguna ya duba haƙoran akuyar da gaske kamar aikinsa ne, yana jan mutumin da hira, har ta fito cewa maƙwabcinsa ya cinye masa iyakar gona tun bara. Haka Baba yake aiki. Ba ya ɗaukar alƙalami a gaban mutum, ya ce alƙalami yana rufe bakin talaka. Sai an dafa shayi, an gaisa, an tambayi gida da yara da jaki, sannan magana ta zo da ƙafarta. Ni kuwa ga gaggawa, ina zaune ina kaɗa ƙafa ina hararar butar shayin.

Cikin wannan hali, a wata bazara, tsohuwar ta bayyana. Ƴar ƙaramar mace ce, baƙa, mai zane a kumatu, daga wani ƙauyen arna da ke bayan Gabi, mutanen da ba su bar addinin kakanninsu ba. Daddawar batso take kawowa ranar kasuwa. Idan ta tashi daga kasuwa sai ta zo gindin bedin da ke ƙofarmu ta zauna, kamar inuwa kawai ta kawo ta. Baba ya aika mata da ruwa, ta sha, ta yi godiya, ta tafi. Wata kasuwar ta dawo. Na ce wa Baba in je in tambaye ta abin da take so, ya ce in bar ta, mai neman inuwa ba ya zama yana kallon ƙofa.

Ranar da ta shigo, ba ta hau benci ba, a ƙasa ta zauna. Bayan an sha shayi an gama gaisuwar duniya, ta ce an kama wani yaro, yana gidan kaso, ta ji an ce mu muna shiga can. Na tambaye ta yaron wa, ta ce na gidan yayarta ne. Na tambayi sunansa, ta juya tana gyara faifan da ke kan ƙwaryarta. Na sake tambaya da ƙarfi, don na ɗauka kunne ne. Sai ta shiga ba ni kamanninsa: dogo ne, zanensa irin nata, yana da tabon wuta a diddigen hagu tun yana rarrafe, ba ya cin tarwaɗa, an haife shi shekarar da tabki ya cika har ya shigo gonaki, ranar da aka fara ɗaurin gero. Duk wannan ta faɗa ba tare da ta yi tuntuɓe ba, amma suna babu.

Na juya wajen Baba na ce masa da Faransanci, don kada ta ji, wannan mata ta san komai na yaron har abin da ba ya ci, amma wai ba ta san sunansa ba, ina za mu fara nema? Baba bai amsa da Faransanci ba. Ya zuba mata shayi, ya ce da ni a hankali:

"Ke ma ai kin san yaron da ake sanin ranar haihuwarsa a rasa sunansa."

Nan take kunya ta rufe ni. Ɗan farinta ne. Ni da mahaifiyata har ta bar duniya ba ta taɓa kama sunan yayanmu ba, sai dai ta ce "wancan", ni ce na zauna ina tsare tsohuwa da tambaya kamar jandarma. Amma ku yi mini uzuri, ni ɗan farina da sunansa nake ƙwala masa kira tun daga zaure har ƙarshen layi, maƙwabta sun daɗe da sallama ni.

A cikin gari kunyar ɗan fari ta yi sauƙi yanzu, wasu ma wasa suke da ita. A wajen Inna, don haka muka koma kiranta, abin yana nan cif yadda ta gada. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana, ba ta cin abinci yana wurin. Tana yaye shi aka ba wa yayarta da ke aure a ƙetaren iyaka, wajen Jibiya, can ya girma, can ya shiga salla, harshensa ma ya koma irin nasu. Yakan zo ƙauyen jefi-jefi, ya kawo mata turmin zane ya ba wa ƙanwarsa ta miƙa, ita kuma ta dama fura ta ba wa ƙanwar ta kai masa. Ko wani ne daban mai irin sunan, ba ta kama sunansa.

Baba ya shiga gidan kaso da kamannin da ta bayar, bai sha wahala ba ya same shi. Ashe yaron nan magidanci ne mai gemu. Wani dillali ne ya ɗauke shi aikin koro shanu zuwa wannan ɓangaren, a hanya aka tare su, shanun suka zama na sata, dillalin ya ɓace. Alƙalin da ke binciken maganar, wani matashi mai natsuwa, ya gaya wa Baba cewa shi ma bai ga alamar mutumin ya san komai ba, kuma a shirye yake ya sake shi ya jira shari'a a gida. Matsalar ita ce gidan. Mutumin ba shi da takardar haihuwa, ba shi da katin ɗan ƙasa na nan ko na can. Ya ce shi ɗan wani ƙauye ne a bayan Gabi, bakinsa kuma na can ƙetare ne. Alƙali ba zai saki wanda ba a san inda za a same shi ba. Idan ba a tabbatar ɗan nan ba ne, zai zauna a kaso har ranar da aka gama neman dillalin, ranar da babu wanda ya san ta.

Muka ce ai wannan mai sauƙi ne, sai a kawo shaidu. Uban ya rasu. Yayar da ta riƙe shi ta rasu. Muka hau amalanke muka je wajen maigari, mutumin kirki, ya karɓe mu hannu biyu. Ya ce ya san Inna tana da ɗan fari da aka kai ƙetare, yana kuma ganin wani dogo yana zuwa gidan, amma shi yaro ne lokacin da aka yi haihuwar, ba zai rantse a kan abin da bai gani ba. Tsofaffin da suka gani duk sun kwanta dama. Ƙanwar tana bayansa da shekaru. Alƙali ya ce tunda uwa tana raye magana ta ƙare: ta zo gabansa, ga mutumin a tsaye, ta faɗi sunansa, ta ce ita ta haife shi, a rubuta. Daga nan a yi masa takardar haihuwa, a sake shi a hannunta.

Da Baba ya gaya mata, dariya ta yi, don ta ɗauka zolaya ce. Da ta ga ba wasa a fuskarsa sai ta ce a tambayi alƙali ko zai karɓi gonarta a madadin maganar. Aka ce ba a yin haka. Ta ce to ta nuna shi da hannu. Baba ya koma ya roƙa, alƙali ya ce ya san al'adar, shi ma uwa ce ta haife shi, amma abin da za a rubuta shaida ce, kuma ba a rubuta nuni da hannu. Iyakar abin da zai iya shi ne ya fitar da kowa daga ɗakin, ya kuma yarda ta faɗa ƙasa-ƙasa, muddin kunnensa ya ji.

Mijina, da ya ga abin ya hana ni sukuni, ya ce me zai hana mu samo wasu dattawa biyu su ce a gabansu aka yi haihuwar, tunda dai gaskiya ce ɗanta ne? Ni ma shawarar ta kwanta mini, na kai wa Baba da zafinta. Ya saurare ni har na gama. Ya ce abin da kawai muke da shi a wannan ɗaki mai warin gyaɗa shi ne idan muka ce wa alƙali abu kaza ne, ya yarda. Ranar da muka kai masa shaidar da muka ɗinka, ko a kan gaskiya ce, duk wanda zai zo bayan Inna mun cuce shi. Ban ji daɗin amsar ba a ranar, na yini ina buga takardu a kan tebur.

Inna kuma ba ta zauna ba, tana can tana nata lissafin. Wata safiya sai ga ta da wani masunci daga bakin tabki, yana ta zare ido, hannunsa duk ƙamshin kifi. Ta tsayar da shi a gaban Baba tana murna, ta ce ta samo mafita: wannan sunansu ɗaya da wancan. A kai shi gaban alƙali ya faɗi sunan kansa, ita kuma ta ce "irin wannan". Bawan Allah ya bar komarsa a ruwa ya biyo ta, don ta ce masa gwamnati ce ke nemansa. Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Amma saboda girman Inna sai da ya je ya gaya wa alƙali. Ya dawo ya ce alƙali ma ya yi dariya, ya kuma ce a'a.

Sai na ce bari in gwada irin tawa dabarar ta malaman makaranta. Na jira Baba ya tafi masallaci, na rufe ƙofa, na ce Inna mu yi gwaji. Ba kowa, daga ni sai ita sai ɓeraye. Ta juya ta fuskanci bango ta faɗa sau ɗaya, gobe sau biyu, har bakin ya saba. Na ce ta dube ni, kullum ina kiran nawa, ga shi nan garau yana cinye mini tuwo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ai ta ji ni tun daga kasuwa, ta ɗauka wani ɓarawo ake bi. Muka yi dariya tare. Sannan dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Ɗiyata, ke kin ɗauka kunya ɗai ta," in ji ta. "Waɗanda nika kira da sunansu, na goya su, na yi musu wasa gaban mutane, ƙasa ta amshe fiye da rabi. Wanga da na ɓoye cikin bakina, ko iska ba ta san nawa ne ba, shi na nan da ranshi har ya yi gemu. Yanzu ku ce in hito da shi waje?"

Duk wannan lokaci ina ganin muna fama da taurin kan tsohuwa, ashe gadi take yi. Na buɗe ƙofa na dafa mata shayi, karo na farko da na dafa shi ba tare da ina hararar butar ba.

Na gaya wa Baba. Ya ce ba za mu sake matsa mata ba, amma ba za mu ɓoye mata komai ba. Ya zaunar da ita ya faɗa mata yadda abin yake: damina ta matso, kotu za ta shiga hutu, alƙalin nan mai sauƙin kai ana maganar za a canza masa wuri, kuma mutumin ya kama tari a ciki. Ta saurara tana kallon ƙasa. Da za ta tafi, ta ce tana so ta dama fura a kai wa mutanen da ke kaso, sadaka. Mun gane ko wane ne mutanen.

Ranar ziyara muka tafi mu uku. A ƙofa ta miƙa wa Baba ƙwaryar ta ce ita ba ta shiga. Muka tsaya ni da ita a jikin katanga, rana tana dukanmu. Ana jin hayaniyar mutanen ciki, wani yana wanka, wasu suna gardama. Can sai wani ya yi tari, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji, ya ja shi da tsawo. Ni ban bambance shi da sauran hayaniyar ba. Inna kuwa ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. Ta ce tarin ubansa ke nan, da irinsa ya tafi. Muka ci gaba da tsayuwa. Da Baba ya fito da ƙwaryar, ba ta tambaye shi ko an sha ba, ta ce wace rana alƙalin yake zama.

Ta zo ranar cikin baƙin saƙinta na biki, wanda ke ƙamshin adaka. Alƙali ya cika alkawari, ya fitar da kowa. Daga shi sai magatakardansa, sai Baba, sai ni a matsayin tafinta, don da Faransanci ake rubutawa. Aka shigo da mutumin. Ya rame, ya ga Inna ya sunkuyar da kai. Ita kuwa tun kafin ya gama shigowa ta juya masa baya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da aka zo rantsuwa ta ce ita ba mai salla ba ce, alƙali ya ce ta rantse da abin da take tsoro. Ta durƙusa ta dafa ƙasa da tafin hannu, ta taɓa goshinta.

Alƙali ya yi mata magana da Hausa, cikin ladabi. Ya ce, "Inna, mutumin da ke bayanki, wane ne shi?"

Ina jin bantilate, wato fanka, yana juyawa a sama, ina jin numfashin mutumin. Na matsa kusa da ita na kai kunnena, ina fatan ta raɗa, alƙali ya miƙo wuya ya tsinta, a wuce wurin. Na ga leɓenta yana motsi ba sauti. Ta gwada, ya ƙi. Ta sake gwadawa. Zufa ta jiƙa mayafin. Baba ya rufe ido, na san addu'a yake yi.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne Inna ba ta san yadda ake faɗin sunan nan kamar amsar tambaya ba. Ba ta taɓa faɗinsa ba balle ta iya raɗa shi. Sai kawai ta ɗaga kai, fuskarta na kallon bango, ta kira shi. Kira sosai, da ja a ƙarshe, irin wanda uwa ke yi daga bakin murhu idan tuwo ya sauka yaro yana waje.

Mutumin nan mai gemu, kafin ya san abin da yake yi, ya ce, "Na'am, Inna."

Alƙalamin magatakarda ya tsaya. Ni da aka kawo don in fassara na nemi Faransancina na rasa. Inna ta ce, har yanzu ba ta juyo ba:

"Ni na haihe shi. Na hwarko na. Ku rubuta, ba ni ƙara hwaɗi."

Alƙali ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga, alhali ba abin da ya same shi. Sannan ya ce wa magatakarda ya rubuta, ya ji da kunnensa. Ni kuwa kuka nake yi ba ɓoyo, mai babbar murya ba ta iya ƙaramin kuka ba, har sai da Inna ta zungure ni ta ce in rufa mata asiri.

Ba a daɗe ba aka sake shi. Ranar da ya fito tana gindin bedinmu. Ba ta dube shi ba, ba ta ce masa sannu ba. Ta tashi ta kama hanyar tasha, ta bar ƙwaryar daddawarta a ƙasa, shi kuma ya ɗauka ya bi ta a baya, da ɗan nisa tsakaninsu. Daga baya ƙanwar ta gaya mini suna isa gida Inna ta yanka jan zakara a inda suke yanka, don a mayar da abin da ta fitar. Muka kai shi asibiti aka yi maganin tarin. Da shari'a ta zo aka wanke shi. Bai koma ƙetare ba, ya zauna ya karɓi noman gonarta. Suka ci gaba yadda suka saba, fura ta hannun ƙanwa, zane ta hannun ƙanwa.

Wannan magana ce ta buɗe mana ƙofa. Labari ya zaga ƙauyuka cewa akwai wani biro a Madarumfa da ya bi tsohuwa mai daddawa har gaban alƙali bai karɓi komai ba, bai kuma yi mata dariya ba. Wannan na ƙarshen ba gaskiya ba ne, mun yi, amma tare da ita. Kafin kaka benci biyu ya kasa. Mata suka fara zuwa da maganar gado, manoma da makiyaya da maganar burtali, iyaye da yaran da ba su da takardar haihuwa. Saboda Inna ne muka fara bin ƙauyuka muna yi wa jarirai takarda tun suna goye, don kada wata uwa ta sake tsayawa inda ta tsaya. Yau muna da ɗakuna da kuran na lantarki, da matasa da suka karanta shari'a, muna zama a Gabi da Safo ranakun kasuwa. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni ce na gaji kujerarsa, kuma ni ce yanzu nake hana yara ɗaukar alƙalami da wuri, suna kaɗa ƙafa suna hararata.

Abin da na koya a wajen Inna shi ne, idan mutum ya ƙi faɗin abu, ba kullum ne rashin sani ko taurin kai ba. Wani lokaci abin da ya fi ƙauna ne yake tsaro da shirun. Aikinmu yana sa mutane su faɗi abin da suka share rayuwarsu suna rufewa, a gaban baƙo, a rubuta. Dole ne a yi, ban ce a bari ba. Amma ya kamata mai tambaya ya san nauyin abin da yake roƙo. Har yau idan na tuna na ce wa matar nan ta juya bango mu yi gwaji, sai in ji dariya da kunya sun taso mini tare, ina kuma ƙaunarta fiye da yadda zan iya rubutawa.

Inna ta rasu ƴan shekarun nan, da tsufanta, shi ne ya yi jinyarta. Na je gaisuwa. Gemunsa ya yi fari, yana zaune a ƙofar gida da jikokinsa. Da mutane suka ragu na tambaye shi ko ta sake kiransa bayan ranar nan, ko da a ciwon ajali. Ya yi murmushi ya ce ko sau ɗaya. Ya ce shi kafin ranar ma bai tabbata ta san sunan ba, yana yaro yakan ce ko ta manta ne. Yana wasa da carbinsa.

"Amma Hajiya, sau ɗayan nan ya ishe ni," in ji shi. "Wani lokaci ina cikin gona ni kaɗai sai in ji shi. Kuma har yau ina amsawa."